Haihuwa ce ta cinye mini ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a Tawa, shekarata 26, ina da yara biyu, ƙaramar watanta tara, tana shan nono. Na bar lise a ajin ƙarshe saboda aure. Bara na zauna BAC, wato jarrabawar kammala lise, sashen D na kimiyya, ni kaɗai ba ta hannun makaranta ba, ban samu ba. Bana na sake rubuta sunana, saura wata biyar, kuma burina in zama ungozoma. Matsalata ita ce ba na riƙe komai. Ina karanta shafi, kafin in kai ƙasa na manta sama. In ina lissafi, abin da na riƙe a ka yakan gudu tun ban gama layi ba. Ni kuwa da ina yarinya na haddace izu ashirin, har malaminmu yana misali da ni. Ƙanen mijina ya sa mini wata manhaja ta wasannin horar da ƙwaƙwalwa a salula, maigidana yana biyan jikka biyar duk wata. Wata huɗu ke nan ina yin ta kowane dare kusan minti arba'in bayan yara sun yi barci, sannan in ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da shayi har ƙarfe ɗaya. Makina a wasan ya ninka, amma a karatu ina nan inda nake. Maigida ɗan kasuwar albasa ne, bana kasuwa ba ta yi masa daɗi ba, ya ce in ban samu ba wannan karon a haƙura. Uwar mijina ta ce baki ne ya kama ni, tana kawo mini rubutu. Wata ƙawata kuma ta ce akwai ƙwayar da ɗalibai ke sha su kwana suna karatu. Tanti, haihuwa ce ta cinye mini ƙwaƙwalwa? In ci gaba da wasan? Wani lokaci nakan shiga ɗaki in yi kuka ni kaɗai.

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Na karanta takardarki sau biyu, kuma ban ga alamar lalacewar kai a cikinta ba. Wadda kanta ya taɓu ba ta jero watanni da kuɗi da maganar kowa daki-daki kamar yadda kika yi. Abin da na gani shi ne mace mai kwanciya ƙarfe ɗaya na dare, jinjira ta tashe ta sau biyu ko uku, ta miƙe da kiran assalatu, ta wuni tsakanin murhu da wanki da goyo, sannan ta zauna gaban lissafin ajin ƙarshe cikin Faransanci tana tuhumar kanta. Ki ƙidaya awannin barcinki da yatsunki. In ban kuskure ba, ba su wuce huɗu ba, su ma a gutsuttsure. Ko gwanin gwanaye aka ɗora wa wannan kaya, ba zai kai labari ba.

Bari in bayyana miki abin da ke faruwa a cikin kanki, don na lura wanda ya gane ciwonsa ya fi samun ƙarfin jinyarsa. Abin da muke kira ƙwaƙwalwa a dunƙule, masana sun daɗe da rarrabe shi. Akwai ma'ajiya mai daɗewa, ki ɗauke ta kamar rumbun ƙasa irin namu na Adar. A can izu ashirin ɗinki suke, da hanyar gidanku, da yadda ake tuƙa tuwo. Wannan rumbu ba ya cika. Akwai kuma wadda suke kira ƙwaƙwalwar aiki, ita kuwa kamar faifai ce da ake ɗora tsaba a kai a bakace. Duk abin da kike juyawa a ranki a wannan daƙiƙar, a kan faifan yake: lambar da kika riƙe lokacin ninkawa, da farkon jimla da kike buƙata don ki gane ƙarshenta. Sai abu ya zauna a faifai an yi aiki da shi kafin ya shiga rumbu.

Faifan nan ƙarami ne ga kowane ɗan Adam. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, George Miller, ya ce abin da muke iya riƙewa lokaci guda kamar bakwai ne, a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya tattara binciken da ya biyo baya ya ce in an hana mutum maimaitawa da ƙulle-ƙulle, abin ya fi kusa da huɗu. Ki duba yadda muke faɗin lambar salula a nan Nijar: lambobi takwas ne, amma ba mai jero su ɗai-ɗai, biyu-biyu muke kiran su, su zama ƙulli huɗu. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana haka. Faifan ne ya nuna mana iyakarsa, muka bi.

A 1974 wasu masana biyu na Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka nuna cewa faifan ma yana da sassa. Akwai muryar cikin kai, wadda kike nanata lamba da ita har ki samo abin rubutu, kuma abin da ke cikinta yakan dushe cikin ƴan daƙiƙoƙi in ba ki nanata ba. Akwai idon cikin kai, wanda kike hango zanen alwatika da shi. Sai mai rabon aiki, wanda ke yanke me za a kula da shi, me za a yi watsi da shi. Shi ne muke kira mai da hankali. Babban mazauninsa ɓangaren ƙwaƙwalwa ne da ke bayan goshi. Tun 1971 Joaquín Fuster da abokin aikinsa suka gani a jikin birai cewa in an ɓoye abinci a gaban biri aka sa shi jira, wasu ƙwayoyin jijiya na wannan ɓangare ba sa daina aiki har jiran ya ƙare. Riƙe abu a rai aiki ne da ake yi ba tsayawa, kamar riƙe tulu a ka. In aka taɓa ki kika waiwaya, ruwa ya zuba. Kuma wannan ɓangare na bayan goshi yana cikin waɗanda suka fi saurin raunana in barci ya yi ƙaranci ko damuwa ta yi yawa.

To me ke kan faifanki lokacin da kika buɗe kaye? Kunnenki ɗaya yana wajen jinjira. Maganar maigida, "in ba ki samu ba a haƙura", ta zauna daram. Jikka biyar ɗin da ake biya tana nan tana ƙaiƙayi. Ga faɗuwar bara. Ga harshen da ba da shi kike mafarki ba, wanda shi ma yana cin nasa wurin kafin ki kai ga ma'anar darasin. In gurbi huɗu ne, nawa ya rage wa lissafi? A 2013 an buga wani bincike a mujallar Science da aka yi da manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An gwada mutanen nan kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya taru, aka sake gwada su bayan sun sayar sun karɓi kuɗi. Mutanen dai su ne, amma sakamakonsu ya fi kyau bayan girbi. Duk wanda ya zauna da manoman albasa na Galmi kafin a cire da bayan an sayar ba zai yi mamakin wannan ba. Damuwa mai zaman haya ce a kan faifai, kuma ba ta tambayar izini.

Game da haihuwa, tambayarki tana da tushe, mata da yawa suna jin haka. Ciki yana sauya ƙwaƙwalwar mace, gaskiya ne. Wani bincike da aka yi a Barselona, wanda Elseline Hoekzema ta jagoranta aka buga a 2017, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata kafin cikin fari da bayan haihuwa, ya ga sauyi a sassan da ke taimaka wa mutum ya karanci halin wani, sauyin da ya kai shekara biyu yana nan. Amma da aka gwada riƙonsu, ba a ga ya ragu ba. Abin da haihuwa ke ƙwacewa tabbas shi ne barci, sau da yawa kuma jini. Zan dawo kan jinin.

Yanzu ga wasan. Amsata ita ce ki daina, kuma ki daina ba tare da jin kin yi asarar hankali ba, don mutane masu digiri ma sun taɓa sa rai a kansa. A 2008 Susanne Jaeggi da abokan aikinta suka buga sakamakon da ya nuna kamar wani wasan riƙe jerin abubuwa yana ƙara kaifin tunani gaba ɗaya. Duniya ta ɗauka, kamfanoni suka buɗe kasuwa. Da aka zo maimaita gwajin da tsauraran sharuɗɗa, abin bai tsaya da ƙafarsa ba. A 2010 Adrian Owen da tawagarsa, tare da BBC, suka bi mutum 11,430 na tsawon mako shida suna irin waɗannan wasanni. Kowa ya ƙware a wasan da ya yi ta yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani da ba a horar da su a kai ba. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar irin waɗannan wasanni, ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya yi na cewa wasanninsa suna inganta karatu da aiki, ba tare da isasshiyar hujja ba. Abin da kika gani da idonki a Tawa, maki yana hawa karatu yana tsaye, shi ne abin da manyan bincike suka gani. Ba ke kika kasa ba.

Akwai wani labari da nake so ki riƙe, don ya fi duk alƙaluman nan koyarwa. A jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Anders Ericsson da William Chase sun zaunar da wani ɗalibi suna karanta masa lambobi yana maimaitawa. Da farko bakwai yake riƙewa kamar kowa. Bayan fiye da awa 230 na horo ya kai 79, aka buga wannan a 1980. Sai suka karanta masa baƙaƙe maimakon lambobi, nan take ya koma wajen shida. Ashe faifansa bai ƙara faɗi ba ko kaɗan. Shi ɗan tsere ne, ya san lokutan gudu a ka, sai ya riƙa ƙulla lambobi uku ko huɗu su zama lokacin wani tsere da ya sani. Abin da ke cikin rumbunsa ne ya ba shi damar ƙulla manyan ƙulli. Haka malamin lissafi yake: ya kalli layin da ke gare ki abu goma ne, shi a wurinsa abu ɗaya ne, don ya gan shi sau ɗari. Hanyar sauƙaƙa wa faifai a lissafi ita ce yin lissafi, a kimiyyar halittu kuma kimiyyar halittu. Minti arba'in ɗin da kike ba wasa kowane dare, a wata huɗu sun kai awa 80. Na barci ne ko na darasi, aka karkatar da su.

Kin kawo maganar haddarki kamar shaida a kanki, wai da kina iyawa yanzu kin kasa. Ni kuwa a matsayin dukiyarki nake kallonta. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi bincike a shekarun 1970 cikin al'ummar Vai ta Laberiya, suka ga waɗanda suka yi karatun allo sun fi sauran a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya a kan jeri, wato yadda ake hadda, amma ba su fi su a kowane irin gwajin tunawa ba. Hadda hanya ce da aka koya miki. Ki tuna yadda take. Ana ba ki ɗan abin da allo zai ɗauka, ba a ba ki izu guda a rana. Kina karantawa da murya. Ba a wanke allo sai kin juya shi kin biya wa malam da ka. Kuma bayan an wuce, ana komawa tishi, na jiya da na makon jiya da na watan jiya. Hadisi ma ya yi umarni da bibiyar Alƙur'ani, ya ce ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Yanzu ki gaya mini gaskiya: a karatun BAC kina juya allon? Ko karantawa kike yi, ki sake karantawa, har shafin ya zama kamar fuskar da kika sani, ki ɗauka kin riƙe?

Wannan juya allo shi ne abin da bincike ya fi tabbatarwa a harkar koyo. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, har sun fi jin sun iya. Bayan mako guda abin ya juya: masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu sake karatu kashi 40. Rarraba bita a kan kwanaki kuwa, tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna amfaninsa. Malamin allonki bai san sunayen mutanen nan ba, amma a kan turbar da suka tabbatar ya ɗora ki.

Ga yadda nake so ki yi. Ki ɗauki abin da bai wuce rabin shafi ba, ki karanta, ki rufe kaye, ki faɗi abin da ya ce da Hausa kamar kina bayyana wa ƙanwarki. In kika kasa faɗa da Hausa, ba ki gane ba tukuna, haddar Faransancin ba za ta cece ki ba. In kika iya, sai ki rubuta shi da Faransanci ba tare da leƙe ba, tunda da shi za a tambaye ki, sannan ki buɗe ki gyara da jan biro. Gobe kafin sabon darasi ki biya na jiya, bayan kwana uku ki sake, bayan mako ki sake. Za ki ji wannan ya fi wuya fiye da karantawa kawai, wani lokaci har ki ji kamar ba ki san komai ba. Kada wannan ya karya miki gwiwa, a cikin wahalar lalubowar ne abin ke kama ƙasa. A lissafi da kimiyyar lissafi kuwa, ki daina riƙe komai a ka. Kowane mataki ki sauke shi a takarda, ko da kina ganin ya yi ƙanƙanta. Takarda faifai ce ta biyu, kuma masu gyaran jarrabawa suna duba matakai, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Ki nemi tambayoyin BAC na shekarun baya ki mai da su abincin yau da kullum, ki fi ba darussan da suka fi nauyin maki a sashen D lokaci. Salula kuma ta kwana a wani ɗaki lokacin karatu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk waiwayen da kika yi zuwa WhatsApp, sai kin sake kwaso abin da ya zube daga faifai.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba in ba ki yi barci ba, shi ya sa nake roƙonki ki fara da shi. A 2003 Hans Van Dongen da abokansa a jami'ar Pensilbaniya suka taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida kowane dare har kwana 14. A ƙarshe mai da hankalinsu ya lalace kamar na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai rintsa ba, abin tsoron kuma shi ne su ba su ji sun kai haka ba. Wannan awa shida ke nan, ke kuwa ba ki samun su. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka koya da rana ta adana shi a rumbu. Karatun ƙarfe sha biyu zuwa ɗaya da kike yi, ɗiban ruwa ne da kwando. Ki kwanta da wuri bayan isha'i, ki mai da karatunki bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, ko da minti arba'in ne, ki ƙara wani zama da hantsi ko lokacin da jinjira ta yi barcin rana. Yanzu da bazara ke tafe, kin san zafin Tawa, sanyin safiya ya fi zinariya. Shayin dare kuma ki bar shi. Sinadarin da ke hana barci a cikinsa yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kuma kaɗan daga cikinsa yana bin nono.

Na ce zan dawo kan jini. Kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini, kuma mai haihuwa biyu da ke shayarwa tana cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana kawo kasala, jiri, bugun zuciya da wahalar tattara hankali. A cikin makon nan ki je asibiti ki ce a auna miki jini. In ya gaza 12 a ma'aunin da ake amfani da shi ga macen da ba ta da ciki, akwai ƙaranci, kuma maganinsa ba shi da tsada. Ki gaya wa likita komai, har da mantuwar, don ya duba ko akwai zazzaɓin cizon sauro da ke ɓoye ko matsalar ƙododon wuya da kan biyo bayan haihuwa. A gida ki ƙara hanta, nama, wake da zogale, ki matsa lemun tsami a kai, kuma kada ki sha shayi tare da abinci ko dab da shi, don yana hana jiki tsotsar ƙarfen.

Layin ƙarshe na takardarki shi ya fi tsaya mini a rai. Kukan gajiya daban ne, kowace uwa ta san shi. Amma in kin kai mako biyu kusan kullum ranki a ɓace, abin da ke faranta miki da ya daina, kina jin ba ki da amfani, ko barci ya ƙi zuwa ko da yarinya ta kwanta, to wannan yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, yana kuma cin mai da hankali sosai. Ba raunin imani ba ne. Ki faɗa wa likita ko ungozomar da ta karɓi haihuwarki da bakinki. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, ku je asibiti tare.

Ƙwayar ƙawarki, a'a, ba tare da wani kwana-kwana ba. Sau da yawa abin da ake sayarwa a titi da sunan ƙarfin karatu ko ƙarfin aiki tramol ne ko wani abin da ba a san haɗinsa ba. Tramol ɗan gidan su maganin da ke sa jaraba ne, yana iya jawo farfaɗiya, yana shiga nono, yana kuma iya danne numfashin jinjiri. Ƙawarki wataƙila tausayinki ta ji, ki gode mata, ki kuma ja hankalinta in ita tana sha.

Inna kuwa, uwar mijinki, kada ki yi jayayya da ita a kan baki ko sammu. Matar da ta tashi ta je wajen malam ta karɓo miki rubutu, tana son ki samu ne, kuma ba kowace suruka ke son matar ɗanta ta yi karatu ba. Ki riƙe addu'a, ki haɗa da asibiti, an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Sai ki buɗe mata wata ƙofar taimako. Ki same ta cikin ladabi ki ce, Inna, addu'arku muke buƙata, kuma da za ku riƙe mini jikokinku awa biyu da hantsi har in gama jarrabawa, da kun yi mini abin da ba zan iya biya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Awa biyu ɗin nan ba tare da kunne a wajen yara ba sun fi duk manhajojin duniya amfani a gare ki. Ƙanen mijinki ma da kyakkyawar niyya ya zo, talla ce ta ja shi kamar yadda ta ja miliyoyi. Kada ki kunyata shi. Tunda ya iya salula, ba shi aikin nemo miki tsofaffin tambayoyin BAC da gyaransu, in ya yi karatu kuma ya riƙa yi miki tambayoyi ranar Juma'a da yamma kina amsawa da ka.

Maigidanki ne na fi so ki yi wa adalci. Mutumin da kasuwa ta juya masa baya amma bai fasa fitar da jikka biyar duk wata don karatunki ba, ba maƙiyin burinki ba ne. Shi ma nasa faifan cike yake da kuɗin mota da albasar da ke ruɓewa a hanya, kuma maganar "a haƙura" na fi jin ta fito daga gajiya. Sai dai maganar ta yi miki nauyi, kuma ya kamata ya sani. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki fara da godiya, sannan ki ce kin bincika kin gano wasan ba ya taimaka wa karatu, kina so a tsayar da biyan. Namiji da ke cikin matsi in ya ji matarsa ce ta kawo hanyar rage kashe kuɗi, kunnensa yakan buɗe. Daga nan ki nemi kuɗin watan farko su tafi awon jini, na sauran watannin kuma ga wani malamin makaranta ko ɗalibin jami'a da zai riƙa duba miki lissafi sau ɗaya a mako, a gida, da saninsa. In kuɗin ba za su samu ba gaba ɗaya, ki nemi mata biyu ko uku masu shirin BAC ku riƙa haɗuwa kuna yi wa juna tambayoyi, wannan kyauta ne. Sai ki roƙe shi abu ɗaya: a ajiye maganar abin da zai biyo bayan sakamako har sakamakon ya fito. Ki ce masa duk lokacin da kika buɗe kaye, maganar ce ke fara zama a gabanki.

Ba zan yi miki alkawarin za ki samu bana ba, wannan na Allah ne, kuma wata biyar ga mai goyo ba su da yawa. In aka yi awon jini aka ga jikinki yana buƙatar jinya, ko kika ga gida ba zai ba ki sarari ba, jinkirta zama zuwa baɗi lokacin da kin yaye yarinya ba faɗuwa ba ce, kuma gara ku yanke wannan tare da maigida da ido buɗe. Akwai kuma horon aikin lafiya da ake shiga da BEPC, takardar shaidar gama kwaleji, ki je makarantun ki tambayi sharuɗɗansu na bana, don ki san ƙofa ba ɗaya ba ce. Amma ni ina ganin ki gwada mako uku tukuna a kan sabon tsari kafin ki yanke komai. Ki samu ƙaramin kaye, kowace safiya ki rubuta awannin da kika yi barci da yawan tambayoyin da kika amsa daidai ba tare da leƙe ba. Bayan mako ukun ki sake rubuto mini da abin da ke cikinsa da sakamakon awon jinin, mu duba tare. Daren yau kuwa ki kashe salula bayan isha'i ki kwanta. Ki shafa mini kan yaran, ki gaida Inna.